Takardar da Sai An Cika Sau Biyu

Idan mutum ya yi ƙarya, aka dawo masa da tambayar bayan mako biyu, wanne ya fi masa: ya maimaita ƙaryar a ce mai magana ɗaya ne, ko ya faɗi gaskiya a ce ba shi da tsayayyar magana? Shekara ashirin da shida ina tura gadon majinyata a asibitin masu taɓin hankali na garinmu. Karatuna bai wuce littattafan da ake mantawa ƙarƙashin matashi ba, amma na ɗauka irin wannan tambaya ba za ta gagare ni ba. Yau da safe ta gagare ni.

Ilinca ce ta jawo mana, masaniyar halayyar ɗan'adam da ke ɓangarenmu. Shekara uku tana haɗa wata takardar tambayoyi don digirinta, wai a auna yadda ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa na Romaniya ke zaman aiki da juna. Tambaya arba'in, ka zaɓi daga ɗaya zuwa biyar. Ɗaya ba daɗi, biyar aljanna.

A karon farko, mako biyu da suka wuce, Mai Girma Darakta, uban marayu, ya tara mu a ɗakin cin abinci don sauƙaƙa mana. Ya goya hannu yana zagaya tebura.

"Ku rubuta abin da ke ranku," in ji shi. "Ba suna a jiki."

Gaskiyarsa, ba suna. Harafi biyu na sunan mahaifiyarka kawai za ka sa, da watan haihuwarka, don a haɗa takardarka ta farko da ta biyu. A garin da Darakta ya ci abincin sadakar mutuwar kowace uwa, masu rai kuwa yana gaishe su a coci da sunayensu!

Tambaya ta bakwai: kana iya gaya wa shugabanka ya yi kuskure? Numfashin Darakta na kan ƙeyata, na sa biyar. Ta goma sha biyu: kayan aiki sun wadata? Na sa biyar da safar sanyi a hannuna, don bututun ɗumama ɗaki na uku ya mutu tun Nuwamba. Kada a ce ba a aiki dai, an gina mana maɓuɓɓugar ruwa mai fitilu kala uku a bakin ƙofa. Ta daskare, amma fitilun na ci.

Mutum ɗaya ta ƙi: Tanti Profira, tsohuwar nas.

"Sau ɗaya na cika takarda marar suna, zamanin tsohuwar gwamnati," ta ce, ta ture ta gefe. "Kwana uku aka kira ni da sunana har da na kakata."

Yau aka yi karo na biyu. Mai Girma ya tafi wani otal a kan duwatsu, taron koyon sauraron ma'aikata. Na wasa fensir, na ce yau za a ji gaskiya. Sai na tambayi Ilinca dalilin maimaitawar.

"Takardar ake gwadawa, Kawu Zamfir, ba ku ba. Idan amsoshin yau sun yi daidai da na wancan karon, malamaina za su ce ta inganta. Idan sun saɓa, su ce tambayoyin ne ba su da kan gado."

"Sai kuma me?"

"Sai in koma farko."

"Wato ƴar nan, in na faɗi gaskiya yau, na kashe miki shekara uku?"

"Ni ban ce ka rubuta komai ba," ta ce, tana kallon takalminta.

Ghita, direban motar asibiti, ya zungure ni. "Farfesan tura gado, sa biyar mu tashi, miyar kabeji na hucewa. Wancan karon don tsoro ka yi, yau ka yi don Allah."

Na daɗe fensir na rataye. Yarinyar nan ce kaɗai a gidan nan ke zama ta saurari majinyaci har ya gama. Na sa biyar, sau arba'in, kowa ma haka. Ku taya mu murna, asibitinmu aljanna ce, kimiyya ta tabbatar har sau biyu.

Muna miƙa takardu Tanti Profira ta shigo, ta ja kujera, ta dubi Ilinca.

"Ke, ba ni biyu."

Ta zauna ta jera ɗaya, ɗaya, ɗaya a ta farko, ta kwafe su tsaf a ta biyu. Wurin harafi biyu ta rubuta sunan uwarta cikakke. Sannan ta sa wa takardar farko kwanan watan mako biyu da suka wuce.

"Tanti," na ce, "wannan kwanan watan fa..."

"Rufe mini baki, Zamfir. Ƙarya tamanin ka yi, za ka yi mini wa'azi kan guda ɗaya? Nawa ma sun dace da juna, ko ba haka ake so ba?"

Ilinca ta dubi takardun nan biyu, ta dube ni, ta zura su cikin jaka tare da namu.

A duk asibitin gaskiya ɗaya aka rubuta, ita ma sai da aka yi mata takardar haihuwa ta bogi kafin ta samu shiga.