Ranar da Na Ga Kada a Lambun Hukuma

Lokacin da ake ginin dam ɗin Bakolori, ƙaramar hukuma ta ɗora ni a kan kula da lambun shaƙatawa na Talata Mafara. Na ɗinka kaki, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Wata safiya Baba mai gadin lambun ya tare ni. "Ranka ya daɗe, mata sun ce akwai wani abu cikin wanga tafki."

"Tsoron banza ne, Baba," na ce. "Bari in duba da kaina."

Ina isa bakin tafkin na hango wani baƙin gadon baya mai tudu-tudu yana motsi cikin ciyawa. Na tuna jiya-jiya yara suka yi wanka a nan, kuma ni na ba da izini. Ban san lokacin da na haye darbejiya ba, ina ihu, "Kada! A rufe ƙofa!"

Kwana uku lambun yana rufe. Na rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takarda, aka kira mafarauta daga Maradun. Gari ya taru. Babban mafarautan ya shiga ruwa da mashi, ya jawo tsohuwar tayar tarakta.

Shugaba ya dube ni ya ce, "Malam, a yanka ta ko a sake ta?"

Yau har na yi jikoki, amma duk mai facin da na wuce sai ya ɗaga taya ya ce, "Alhaji, matsa, tana cizo!"