Yadda Ake Yi wa Maɓallan Rikoda Kwalliya

Kai mai gyaran rediyo, kana so sunanka ya zaga Birnin Zariya a yini ɗaya? Bi matakan nan, na yi maka alkawari. Bahago na Ƙofar Doka ya bi su a 1991, har yau ana ambatonsa, ko da yake ba da shi albarka ba.

1. Samo mai buƙata ta gaske

Irin Hajiya Batulu ta Kusfa. Ɗanta Mika'ilu ya shekara shida a Jidda, sai ga kaset ya aiko ta hannun alhazai, aka ce a ciki ya faɗi ranar dawowarsa. Alamomin rikodarta sun goge, idonta kuma ya yi rauni.

"Ɗan nan, sa mini alama a wanda zan danna in ji yarona," in ji ta, da ta kawo wa Bahago rikodar.

2. Kada ka nuna wariya

Alama ɗaya ta nema, amma maɓallai shida ne, kuma kowanne yana da hakki. Bahago ya yi wa wannan rawaya, wancan shuɗi, na kusa da shi ruwan lemo, har rikoda ta koma kamar tiren alawa.

3. Ƙawata mai haɗari

Akwai maɓallin ɗaukar murya, wanda ke share duk abin da ke kaset. Shi za ka shafa wa jan farce har sau uku, ya riƙa ƙyalli. Na saurare kuwa, bar shi ruwan toka a tsakiya, ai fenti ya ƙare. A wurin Bahago ja gargaɗi ne, kowa ya sani. Hajiya kuwa tun tana amarya, in an miƙo faranti, jan goro take fara ɗauka.

4. Hana bayani

"To wanne ne?" in ji Hajiya.

"Haba Hajiya! Kallo ɗaya za ki yi, idonki zai gaya miki."

Gwani ba ya yawan magana.

5. Bar ido ya yi aikinsa

Da la'asar ta tara maƙwabta, ta shimfiɗa tabarma, ta yi bisimilla, ta danna jan da ƙarfinta. Kaset ya yi ta juyawa, shiru. Kusan rabin awa suna zaune kafin ta gaji ta cire.

6. Halarci sakamakon

Washegari ta dawo da ayarinta. Bahago ya mayar da kaset farko, ya danna ruwan tokan yana murmushi. Sai ga muryar Hajiya tangaram: "Ku yi shiru, gyaran murya yake yi." Sai tarin maƙwabciyarta Adama. Sai akuya. Sai Hajiya kuma: "Tun yana yaro haka yake, ga kunya."

Can kusa da ƙarshe aka ji ƙas, muryar Mika'ilu ta fito: "To Inna, kin dai ji ranar. Kada ki manta."

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma da nake faɗa maka, abin ya taɓa ni.

Hajiya ba ta zage shi ba. Kullum dai da hantsi takan zo ta zauna a bencin shagonsa, tana leƙen duk motar da ta tsaya, ko Mika'ilu na ciki.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, babu ruwana, fenti naka ne, hannu naka ne. Ka dai tanadi benci mai ƙwari, don na Bahago wata bakwai ya yi yana aiki.