Ranar Da Na Juya Wa Makka Baya

Ba zan taɓa mantawa ba da La'asar ɗin da na ja a kan dutsen Hada, ko da kuwa zan so in manta, dangin matata ba za su bar ni ba.

Ni haifaffen Makka ne. A Nakkasa na tashi kafin a rushe unguwarmu, kuma duk shekara ina aikin jagorar alhazai tsakanin Mina da Arfa. Wannan ne ya sa kaina ya kumbura. A lokacin ina neman auren Maryama, ƙanwar abokina Habibu. Mahaifinsu ya rasu, don haka maganar tana hannun baffansu, Malam Sule, wanda ya zo daga Kano yin umara, ya kuma ce sai ya gan ni da idonsa kafin ya ce e ko a'a. Habibu ya tsegunta mini cewa tsohon ba ya son yaran Makka, wai baki gare mu ba karatu.

Sai na ce bari in burge shi. Na kama mana ɗakunan katako biyu a wani wurin hutawa can saman dutse, hanyar Ɗa'if, irin waɗanda Larabawa ke kira kuk. Ɗaya na maza, ɗaya na Maryama da mahaifiyarta. Kafin mu tashi Maryama ta aiko mini da saƙo a waya: "Don Allah ka rage surutu a gaban Baffa." (Na karanta, na yi dariya, ban rage komai ba.)

Wanda bai taɓa hawa Hada ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Ka bar Makka gumi na bin bayanka, mota ta yi ta nannaɗe dutse kamar ana naɗa rawani, birai na zaune a bakin titi suna kallonka, kafin ka ankara sai ka ga gajimare a ƙasanka. A ƙasanka fa! Baffa ya manna fuska a gilashi yana ta "Subhanallahi, subhanallahi," har muka isa. Ɗakunan suna jere a bakin gangare cikin itatuwan ar'ar, ƙamshin katako da danshi ko'ina, ga sanyi har sai da Habibu ya kunna gawayi ya ɗora shayi. Ba mu jima ba hazo ya sauko ya rufe komai. Ɗakin matan da ke taku goma daga namu ya ɓace ɓat.

Da La'asar ta yi, muka fito da darduma filin gaban ɗakin. Baffa ya dube ni ya ce, "Ɗan Makka, kai ne mai masauki. Shiga gaba. Ina alƙibla?"

Habibu ya zaro wayarsa zai duba. Nan fa shaiɗanin alfahari ya hau ni. Na riƙe hannunsa na ce, "Halas, ya isa, mayar da ita aljihu. Ni za a nuna wa alƙibla da waya? Ido rufe na san inda Harami yake." Na tuna inda muka shigo da mota, na miƙa hannu can da ƙarfin hali, na ce nan ne. Habibu ya leƙa ya gaya wa matan.

Gaskiyar da ban taɓa lura da ita ba ita ce, tunda aka haife ni ban taɓa neman alƙibla ba. A Makka ba a nema. Ka ɗaga kai ka ga dogon agogon Harami, ko ka bi sahun mutane. Titin da ya juya mu sau ɗari kuwa, ban sa shi a lissafi ba.

Na ta da kabbara. Wallahi ban taɓa yin salla mai natsuwa irin wannan ba: ruku'u a tsanake, sujada a tsanake, duk don tsohon da ke bayana. Na yi sallama, na juyo na fuskance su kamar yadda limamai ke yi, ina shirin jan doguwar addu'a.

A daidai lokacin iska ta taso. Hazon da ke bayan kawunansu ya tsage biyu, rana ta zubo, duniya ta buɗe. Duwatsu baƙaƙe suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya, titin da muka hawo ya zama zare, sannan fili shimfiɗe har iya ganin ido. Can ƙarshensa, siriri kamar allura, ga agogon Harami a tsaye cikin haske. Garin da na yi shekara talatin ina yawo a cikinsa ina ganin na san shi, ga shi duka bai kai tafin hannuna ba. Hawaye ya cika mini ido, na ce "Allahu Akbar" ban san na faɗa ba.

Sai kuma na ankara. Ina kallon Makka ne saboda na juyo. Ke nan raka'a huɗu cur muka yi mun ba Ka'aba baya.

Ni kaɗai na gani. Su suna fuskantata, Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kuma hazon har ya fara komawa. Minti ɗaya zan yi shiru, shi ke nan, asirina ya rufu, Maryama ta zama tawa. Na so in yi shirun, ba zan ɓoye muku ba. Amma sallar dattijo ce a wuyana, da ta abokina, ga matan ma na san inda na nuna suka bi.

Na ce, "Baffa, ku juya ku ga."

Suka juya. Baffa ya miƙe tsaye a hankali, ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Habibu ya dubi agogon, ya dubi dardumarmu, ya dube ni, ya toshe baki da hula kafaɗunsa na rawa.

"Na yi kuskure, Baffa," na ce. "Ban sani ba na ce na sani. Sai mun sake."

Baffa ya sunkuya. Da hannunsa ya ja dardumar ya juya ta, ya ce wa Habibu ya je ya gaya wa matan, sannan shi da kansa ya shiga gaba. Na tsaya a bayansa ina jin kamar dutsen ya tsage in shige. Na riga na yi ban kwana da Maryama a zuciyata.

Bayan mun idar, ya karɓi shayi ya kurɓa, ya ce, "Ɗan Makka, da ka yi shiru wa zai sani?"

Na ce, "Babu kowa, Baffa, sai Allah."

Ya gyaɗa kai. "To. Ka turo manyanka ranar Juma'a. Amma liman kam, a nemo wani."

Yau shekararmu huɗu da Maryama. Duk inda muka sauka, ko ɗakin otal ne da kibiyar alƙibla ɓaro-ɓaro a rufi, sai ta shimfiɗa mini darduma da kanta ta ce, "Malam, nan ce alƙibla." Ni kuma na koyi duba waya, na koyi cewa ban sani ba. Alhazan da nake jagora ma sun ce na rage surutu.