Tsiren Daren Makoki a Ikara

Ba zan taɓa mantawa da daren da na ci tsire a Ikara ba, ko da yake na so ƙwarai in manta. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ƙaramin malamin gona a Maƙarfi, ina neman auren wata yarinya 'yar Ikara mai suna Hajara. Magana ta yi nisa, saura a sa rana, sai Allah ya yi wa mahaifinta rasuwa.

Na hau kekena na tafi gaisuwa da sassafe. A hanya na yanke shawarar da nake ganin ta masu hankali ce: ba zan ci komai a gidan ba, don a ga yadda mutuwar ta taɓa ni. (Ban san wanda ya koya mini wannan ba. Kowa a zauren yana cin tuwonsa, har da limamin unguwa.) Babban wan Hajara, Yaya Sale, mutum mai sanyin magana, ya turo mini kwano da rana, ya sake turowa bayan magariba.

"Malam, daure ka taɓa ko loma ɗaya ce."

"Wallahi Yaya, ba zai wuce ba," na ce, ina sunkuyar da kai.

Aka yi mini shimfiɗa a zaure. Da dare ya raba, cikina ya fara ƙugi kamar injin niƙa. Na lallaɓa na fita, na bi ƙamshin hayaƙi har bakin tasha, inda wani mai tsire yake da rumfar kara da dogon benci. Fitilarsa ta aci-bal-bal ko tiren naman ba ta gama haskawa ba. Direbobin lori sun ci sun watse. Na ce ya tsaga mini gurasa, ya cusa tsire da albasa, ya barbaɗa yaji da ƙuli. Na cinye, na ce a ƙaro. Wani ya zo ya zauna a can ƙarshen bencin, ya yi wa mai tsiren magana ƙasa-ƙasa, ni ko kallonsa ban yi ba.

Da cikina ya ɗauka, sai bakina ya buɗe.

"Tun safe nake gidan makoki ina wasan kurame da yunwa," na ce wa mai tsiren, maiƙo yana bin gemuna. "Tuwon nasu ma miya tsararo. Shi marigayin kuwa, Allah ya jiƙansa, ko gaisuwata bai taɓa amsawa da sakin fuska ba. Wataƙila yanzu al'amura su fi sauƙi."

Mai tsiren ya naɗe nama a ganye, ya miƙa wa mutumin ƙarshen benci. Mutumin ya taso, ya shigo cikin ɗan hasken fitilar. Yaya Sale ne.

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ƙunshin a gabana, ya ce, "Inna ce ta kasa barci. Ta ce baƙonmu bai sa komai a bakinsa ba tun safe, in nemo maka ko nama ne."

Matar da mijinta ya kwana a kabari, ita ce take tunanin cikina.

Tare muka koma, yana gaba ina baya, ƙunshin yana ƙona mini hannu. A ƙofar zaure na ce, "Yaya, don Allah..." Ya ce, "Sai da safe, Malam," ya shige. Na zauna cikin duhu da naman, ba halin ci, ba halin zubarwa. Da asuba na gaida Inna ta bayan labule, ta tambaye ni ko na samu na ɗan ci. Na ce na ci. Ta sa mini albarka.

Bayan sadakar arba'in kawuna ya je maganar sa rana. Aka ce a ƙara haƙuri. Ina cikin haƙurin nan na ji an ɗaura auren Hajara da wani mai fataucin rake a Kudan. Har yau ban sani ba ko Yaya Sale ya faɗa wa wani abin da ya ji. Ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na biya shi da tsada. In an ba ka tuwo a gidan makoki, ka wanke hannu ka ci kamar kowa. In kuma ka ƙoshi a rumfa mai duhu, ka goge bakinka, ka bar shi a rufe.