Matajin Ƙarfen da Maƙeri Ya Ƙera Mini

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hajo ba, ko da na so (Allah ya sani na so). Ƙawata ce tun muna yara, aka yi aurenta a Kebbe shekara guda bayan samun mulkin kai. Ni ce babbar ƙawa, kuma mai hoto zai zo takanas daga Sakkwato ya ɗauki hoto ɗaya tak, amarya a tsakiya, ni a damanta. Ban taɓa shiga hoto ba.

Damuwata gashina. Siriri ne, mai laushi kamar audugar rimi, a yi mini kitso da safe, kafin la'asar ya tashi buzu-buzu. Inna Tumba, mai kitson unguwarmu a Tambuwal, ta sha gaya mini in bar shi ya bushe a inuwa, a shafa man kaɗanya, a taje da matajin itace, a naɗe da zare. Amma ni na yi makaranta a Sakkwato, na ga wata malamarmu 'yar Kudu tana ɗora matajin ƙarfe a wuta, ta miƙar da gashinta santal. Ina ni ina sauraren tsohuwar da ba ta san ko bihim ba?

Babu irinsa a kasuwarmu, sai na tafi wurin maƙerin da ke yi wa babana fartanya, na zana masa a ƙasa da yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, wanga na doki ne ko na mutum?"

Na ji haushi, na ce ya ƙera kawai. Ya ƙera kuwa, da ƙarfen garma, abu mai nauyin tsiya, haƙoransa shida.

Ranar tafiya na wanke kai. Motar Kebbe ba ta jiran kowa, don haka ban bari ya bushe ba. Na labta man shanu, na zaro matajin daga garwashi ya yi jajir (daga baya na tuna malamar takan gwada nata a kan takarda tukuna), na ja daga goshi zuwa tsakiyar kai. Na ji ƙara irin ta ƙullun masa a tanda, sai ƙauri. Gashin ya bi matajin. Don tsabar wauta na sake ja a ɗaya gefen, wai ko za su daidaita.

Na ɗaura kallabi har gira, na yi ta kuka a mota, na ƙudura ba zan cire shi ba sai na dawo gida. Abin da na manta, a dangin su Hajo gwaggon amarya ce ke yi wa amarya da babbar ƙawa kitso iri ɗaya, a tsakar gida, gaban mata duka. Na ce kaina ke ciwo. Gwaggon ta ce kitso ma magani ne, ta fizge kallabin.

Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Gobara anka yi gidanku?" in ji Gwaggo.

"A'a, Gwaggo. Mataji ne."

Wata tsohuwa ta ce dama tun shigowata take jin ƙaurin kan rago. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Hajo kaɗai ba ta yi ba, ta dube ni idonta cike da ƙwalla, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Kitson da wurina a hoto, 'yar kawunta aka ba.

Hoton yana nan a ɗakin Hajo har yau. A can gefen hoton akwai wani hannu riƙe da buta, nawa ne. Gashin gaba kuwa bai sake tsirowa ba, jikokina sun ɗauka da kallabi aka haife ni. Inna Tumba kuwa ta ci gaba da kitse abin da ya rage.

Matajin dai bai zama asara ba, babana ya shekara goma yana taje wutsiyar dokinsa da shi. Tun daga ranar, in mai sana'a ya tambaye ni ko abin da nake so na doki ne ko na mutum, nakan tsaya in yi tunani.