Dutsen da Ya Ciji Kakale

Ranar Litinin da hantsi wata mota ta tsaya ƙofar gidan Kakale a Tungar Faru. Gidan daga shi sai matarsa Ige, sai akuya guda. Kakale kuwa abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari.

Dokta Murja ce, mai neman ƙasusuwan dabbobin da suka zama dutse. Ta ce tudun bayan gari teku ne a zamanin da, kuma in wata ya ƙare ba ta samu shaida ba, masu fasa dutse za su cinye shi. Ta ɗauki Kakale aiki.

Wata rana ta ce, "Duk ƙashin da ka gani, kawo min." Da la'asar sai ga shi da buhu daga mahauta, karnuka bakwai na biye.

"Malam Kakale, tsofaffi nake nema!"

"Dokta, saniyar nan ta tsufa tukuf. Mahaucin har rantsuwa ya yi."

Wata rana ta ce, "Abin da ka tsinta a tudun nan kada ka ɗaga, kewaye shi da tsakuwa." Makullin motarta ya faɗi. Kwana biyu tana tafiya a ƙasa, sannan aka gan shi a tsakiyar tsakuwa, an jera tsaf.

"Ashe ka gan shi?"

"Tun shekaranjiya."

Wata rana ta koya masa cewa duk abin da ya tsage a naɗe shi da tsumma da filasta, wato farin simintin ɗori. Ige tana barcin rana ya hango faso a dugaduganta. Ta farka ƙafafu kamar turmi.

"Malam, da me zan je rijiya?"

"Kada ki motsa, sai ya bushe."

Ranar ƙarshe ba a samu komai ba. Dokta ta gaji da shi, ta ce, "Zauna kan dutsen nan, kada ka tashi sai na dawo." Ta tafi birni roƙon ƙarin lokaci, aka hana ta, ta manta da Kakale.

Washegari katafilar masu fasa dutse ta iso. Direba ya leƙo. "Baba, tashi mana!"

"Dokta ba ta dawo ba."

Aka yi lallashi, aka yi zagi, yana zaune. Sai azahar Dokta ta iso. Ya miƙe yana dafe da wando a yage.

"Dokta, dutsen nan cizo yake."

Ta durƙusa ta share ƙasa. Haƙora ne jere, a ƙoƙon kan wani kada da ya zama dutse, mai tsawon taɓarya. Shaida ta samu.

Katafila ta juya. Ige ta ɗinke wandon.