Ranar da Darakta Ya Rame

Duk wanda bai taɓa ganin shigowar Darakta ma'aikatar kujeru da safe ba, to bai san kwarjini ba. Tumbinsa ne ke fara sallama, sai an amsa sannan shi kansa ya ƙaraso. Bawan Allah ne mai tsafta, bai taɓa yarda hannunsa ya taɓa zarto ko guduma ba, in kuwa zai ratsa ta wajen kafintoci sai da hankici a hanci, don ƙurar katako ba ta san manya ba. Surukinsa, tsohon kafinta, shi ya kafa wurin da guminsa. Darakta kuwa ya yi abin da ya fi wannan wuya, ya auri babbar 'yarsa. Kafintoci kan kira shi Sa-Hannu a bayan idonsa, don biro ne kaɗai kayan aikin da suka taɓa ganinsa da shi.

To, wata biyu ke nan zarto bai yi kuka ba. Kafintoci goma sha ɗaya na zaune jugum suna kallon ƙofa, an kuma riga an gaya musu in wata ya ƙare ba aiki, kowa ya kama gabansa. Ana cikin haka sai wani sabon otal ya nemi kujerun ɗakin cin abinci. Manajar otal ɗin ta ce ita ba ta da lokacin yawo, a sa mata hotuna a shafin intanet ta gani, ranar Litinin ta yanke shawara.

Aka kirawo ƙanwar matar Darakta, wadda haɗa shafuka ne sana'arta. Kwana biyu tana kan kwamfuta tana gyaran hotunan kujeru. Ta yanke gefen da tsintsiya ta leƙo, ta ƙara haske inda duhu ya cinye ƙafar kujera, ta rage nauyin kowane hoto don kada mai waya ya tsufa yana jiran shafi ya buɗe. Tsakani da Allah ta yi aikin, don wasu cikin kafintocin nan a kafaɗarsu ta girma.

Sai ga Darakta ya zo duba aiki. Kujeru arba'in ya wuce ko kallo ba su ishe shi ba, har ya tsinci kansa can ƙasa, ɗan firit, tsaye ya dafa wata kujera.

"Ke! Ni ne a nan ƙasa, katako na samana?" Ya gyara tsayuwa. "Bari in koya miki kasuwanci kyauta. Mutane ba kujera suke saya ba, shugabanci suke saya. A mayar da ni sama, a kuma faɗaɗa."

Ta mayar da shi sama, ta faɗaɗa. Hoto kuwa ba ya jin kunyar kowa, tumbi ya cika fuskar kwamfutar har gefe da gefe. Darakta ya ɓata rai, ya fizgi linzamin kwamfutar, ya kama gefen hoton ya ja ciki. Ikon Allah! Faɗi ya tsuke, tsawo na nan yadda yake. Abin da likita ya yi shekaru yana roƙo, ga shi ya faru cikin ƙiftawar ido, sai ga dogon mutum siriri, har wuya ya samu.

"Yaya, ba haka ake yi ba," in ji ta. "In ka rage faɗi dole ka rage tsawo tare. In ba haka ba hoton ya zama ƙarya."

"Ƙarya? Wannan shi ne ainihina. Kyamara ce ke ƙara wa manyan mutane jiki."

"To dubi kujerar da ka dafa. Ita ma ta rame. Duk wanda ya gan ta kusa da sauran zai gane."

Mai ƙaramar basira da nan zai ja da baya. Darakta kuwa nan take ya hango mafita, ya ce a matse sauran kujerun su ma, don ma'aikata mai tsari ba ta son bambanci. Ta ce wallahi ba da hannunta ba, ta mayar da hotonsa yadda Allah ya halicce shi, ta ɗauki jakarta. Abin da ta manta shi ne lambar sirrin shafin na rubuce a takardar da ta kai masa sa hannu. Ranar Lahadi da rana ya kulle ofis, ya bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya har da nasa yana matsewa, yana gumi, yana yaba wa kansa.

Litinin da safe manajar otal ta buga wa ƙanwar matar Darakta waya. "Baiwar Allah, kujerun nan na mutane ne ko na tsuntsaye? Baƙina fa suna da jiki."

Ƙanwar ta buɗe shafin. Kujeru sun zama kamar tsani, ko kyanwa sai ta yi dabara kafin ta zauna. Ta roƙi matar nan kamar ta yi kuka, ta zo ta gani da idonta, ko minti goma ne.

Manaja ta zo. Ta shafa katako, ta jijjiga ƙafa, ta ga kujeru lafiyayyu. Amma ta ce zuciyarta ba ta kwanta da wurin da hotonsa ke faɗin wani abu, kayansa na faɗin wani ba. "A kira mini daraktan. Dogon nan siriri."

Ƙofar ofis ta buɗe, tumbi ya yi sallama.

"Ni ne," in ji Darakta.

Ta dubi wayarta, ta dube shi, ta sake duban wayar. "Ikon Allah. Daga jiya zuwa yau?"

Ya yi gyaran murya ya fara jawabi kan hangen nesa da tafiya da zamani. Ta jawo kujera ɗaya ta ajiye a bayansa.

"Zauna, ranka ya daɗe."

Ya zauna. Kafintoci goma sha ɗaya suka zuba ido. Ta ce ya jingina, ya jingina. Ta ce ya ɗaga ƙafafu, ya ɗaga, ya yi lilo, ya yi. Kujera ko ƙis ba ta ce ba. Ta ɗaga waya ta ɗauke shi hoto a haka, ƙafafu a sama, hula a karkace.

"Tunda kujerar ta ɗauke ka, ba baƙon da zai gagare ta. Ku fara aiki gobe. Wannan hoton kuma shi za ku sa a saman shafin, kada wanda ya rage masa ko ɗan yatsa."

Haka Darakta ya samu abin da ya nema, yana can sama, faɗi da tsawo cif-cif. Shekara tara yana jagorancin ma'aikatar nan, ran nan ne ya fara yi mata amfani, shi ma a zaune.